Mun Je Bakin Gulbi, Mun Dawo da Ƙura

Mushe ya dawo daga kwas na wata uku a Faransa da abu biyu: wani gyale da yake naɗawa a wuya ko da rana na fasa dutse, da kalmar "fiknik". Gyalen bai dame mu ba, wuyansa ne. Kalmar ce ta jawo mana.

A fadarmu ta Tasawa, tsakanin shayi na farko da na biyu, ya ba mu labarin wani gari wai shi Bordo, a bakin kogin Garon. Ya ce can in ranar hutu ta zo mutane sukan cika mota su bi gonakin inabi gida-gida. A zubo maka ɗan abin sha a kofin gilashi, ka jujjuya shi, ka sunsuna, ka kurɓa, ka wasa baki da shi, sannan ka tofar, ka kuma biya kuɗi. Ya rantse sau uku cewa shi kallo kawai ya yi, alhali ba wanda ya tambaye shi. Ma'ajinmu ya ce a'uzu billahi, ba don giyar ba, don tofarwar bayan an biya.

"Mu me muka rasa?" in ji Mushe. "Suna da kogi, muna da Gulbin Kaba. Suna da inabi, muna da gero. Abin da muka rasa wayewa."

Ba wanda ke son a ce shi ne bai waye ba. Aka yanka jaka biyu-biyu.

An ce a haɗu ƙarfe bakwai na safe, saboda haka muka tashi sha ɗaya da rabi, mu tara a motar Alhaji wadda aka ƙera domin mutum biyar. Muka tsaya sayen kilishi, don kowa ya san mutum ba ya ratsa Tasawa bai riƙo kilishi ba. Nan Mushe ya tsare mai kilishin da darasi: wai ya sani kuwa yanzu kilishin Nijar yana da takardar asali daga hukumar OAPI, shi da albasar Galmi, irin wadda Turawa ke yi wa abin shansu don kada wani ya ari sunan? Mahaucin ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya ƙara dala ashirin a kan kowane ƙunshi. Ilimi ke nan, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Kilishin kuwa, wanda aka saya don a ci a bakin ruwa, bai ga ƙarshen gidajen gari ba.

A hanya aka ɗan yi gardamar inda za a fara. Mushe ya so mu juya gabas mu leƙa Maijirgi, inda kaburburan Bule da Shanuwan suke, hafsoshin Faransan nan da suka taho suna ƙone garuruwa har sojojinsu suka harbe su a Yulin 1899. Alhaji ya ce shi bai zuba mai don ya je gaida waɗannan ba, kuma ba wurin shimfiɗa tabarma a ci nama ba ne. Wannan karon kowa ya bi bayan Alhaji. Muka miƙi hanyar Mayahi, ta wajen Kanan Bakashe.

Ni dai ban san lokacin da muka bar hanya ba. Abin da na sani, yashi ya fara yawa, goruba ta fara yawa, mota ta fara tari, ta yi gurnani biyu ta zauna. Can gefe wani dattijo na zaune a inuwa yana tufka igiya da kaba. Mushe ya gyara gyale ya nufe shi.

"Salamu alaikum, Baba. Don Allah ta ina ake bi a kai bakin gulbi?"

"Wane gulbi, ɗana?"

"Gulbin Kaba."

Dattijon ya dubi Mushe, ya dubi motar, ya koma kan igiyarsa. "Ai kun wuce bakin. Motarku a tsakiyarsa take."

Abin kunyar, dukanmu mun sani. A lakwal an koya mana cewa Gulbin Kaba tsohon kwari ne da ya shigo daga wajen Najeriya ya ratsa ƙasar Mayahi, ruwansa ya daɗe da komawa ƙarƙashin ƙasa, sai mai rijiya ke gaisawa da shi. Sunan ma bai ɓoye komai ba: ba a ce gulbin kifi ba, gulbin kaba aka ce. Daga kabar nan ake tabarmar da muke zaune a kai a fada, da igiyar guga, da faifan rufe fura. Amma da yake da bakin wanda ya je Faransa aka faɗi sunan, har da mai zuwa da ƙugiyar kamun kifi a cikinmu. Ba zan faɗi ko wane ne ba. Ina da ita har yanzu, in akwai mai saye.

Aka shimfiɗa darduma. Kaka ce, ƙarangiya ta nuna, ta kuwa karɓe mu hannu bibbiyu. Wanda ya zo da shadda mai maiƙo ya zauna sau ɗaya, sauran yinin a tsaye ya yi shi.

Sai aka shiga ainihin abin da ya kawo mu, wato hoto. A nan ne na ga ikon Allah. Mutumin da ya gudo daga ƙauye shekara ashirin da suka wuce, ya yi rantsuwa shi da hauya sai a lahira, shi ne ya aro hauyar Baba ya saɓa a kafaɗa yana murmushi. Wani ya hau jakin mutane. Wani ya rungumi damin gero kamar ɗansa da ya ɓata. Ma'aji ya ɗauki goruba ya kai baki don a ɗauke shi yana gaigaya, haƙorinsa na gaba ya tuna masa shekarunsa. Ba wanda ya tsaya ya dubi kwarin kansa, yadda gorubar ke rabuwa biyu kowane reshe ya sake rabuwa biyu, ko jajayen awakin nan namu da fatarsu ta yi suna har ƙasashen waje. Duk mun ba su baya, don haka hoto ke so. Ana gamawa aka watse neman rezo, manya-manyan magidanta a kan jigawa kowa ya ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa.

Na tuna an ce wani Bajamushe, Barth, da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa a Janairun 1851, ya zaga gari ya rubuta abin da ya gani, har yau ana karantawa. Mu tara muka yini a Gulbin Kaba, in ka tambaye mu me muka gani, sai mun duba waya.

Ana haka bincike ya nuna Baba ƙanen kakar Ma'aji ne ta wajen uwa. Wannan ba abin mamaki ba ne. Duk ɗan birnin da ya je buɗe ido ƙauye, yunwa na taɓa shi yake gano dangantaka. Kafin la'asar zabi biyu sun riga mu gidan gaskiya, ga tuwon gero da miyar kuka, ga ƙwaryar fura Inna ta dama ta rufo da faifai.

Mushe ya ce kowa ya dakata. Ya ɗebo a ludayi, ya ɗaga shi sama yana dubawa ta hasken rana. Ya jujjuya. Ya kai hanci ya lumshe ido. Ya kurɓa, ya kumbura kumatu yana kai ta dama da hagu.

"Geron jigawa ne," ya ce, "na bana. Akwai citta a gaba, kanumfari na biye. Nonon kuwa na saniyar da ta ci harawar wake ne, ana jin kwarin nan a cikinsa."

Sannan ya juya gefe ya tofar.

Wurin ya yi tsit. Inna ta matso, hankalinta a tashe. "Ɗan nan, ƙuda ka gani?"

"A'a Inna, haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba."

"To Allah ya sawwaƙe musu." Ta ɗauke ƙwaryar daga gabansa ta ajiye gaban Alhaji. "Geron na bara ne, ƙasan rumbu. Nono kuwa shanunmu ba su da shi yanzu, madarar gari ce jikana ya sayo a kanti."

Ban taɓa shan fura mai daɗin wannan ba, wataƙila don da dariya na haɗiye ta.

Wurin cin abinci irin wannan babu shi a Bordo. Ba a kawo maka takardar kuɗi, kuma in za ka tafi a bi ka da tsaraba. Mun fito da tiya biyu ta wake, da riɗi, da buhun goruba, da sabuwar tabarma. Mu kuma muka bar musu ledojin ruwa birjik a gindin goruba, awaki na bi suna ci. Alhaji ya raba wa yara dala ɗari, ya sa aka maimaita rabon don na farko bai fito da kyau a bidiyo ba.

Mutum ɗaya ne a ƙauyen ya gane mene ne yawon buɗe ido: saurayin da ya kawo bijimai biyu ya ja motar daga yashi. Jaka biyar ya ce, ba ragi. Ma'aji ya fara lalubo dangantaka, yaron ya ce shi baƙo ne a garin.

Da dare hotuna suka hau WhatsApp. Na Mushe ya fi kowanne: shi a tsaye, gyale na kaɗawa, ruwa shimfiɗe a bayansa, an rubuta "Bakin gulbi". Tafkin cikin garin Tasawa ne, ya tsaya a kan hanyar dawowa, ya karkata wayar yadda jakunan da ke shan ruwa ba za su fito ba.

Bayan sati biyu, da hantsi, aka yi sallama a ƙofar gidan Mushe. Baba ne, da Inna, da jikoki shida, da maƙwabcinsu wanda bai taɓa ganin gidan da ke da firji ba.

"Lafiya dai, Baba?"

"Lafiya lau, ɗana. Fiknik muka zo."

Aka shimfiɗa musu a falo, ƙarƙashin fanka. Mushe ya aika a sayo kaji, fuskarsa kamar an aiko masa da sammaci. Da aka kawo lemon kwalba mai sanyi, Baba ya ɗaga shi sama ya duba, ya jujjuya, ya sunsuna, ya kurɓa. Duk muka zuba ido. Ya haɗiye, ya miƙa hannu a ba shi na biyu, ya tambaya a wane ɗaki za su ajiye kayansu.