Minti Uku da Daƙiƙa Ashirin

Duk wanda ya ce maka Super 8 hanyar yin fim ce ta mai ƙaramin ƙarfi, rabin gaskiya ya faɗa maka. Kyamarar kam, wadda kamfanin Kodak ya fito da tsarinta a 1965, ana samunta da arha wurin 'yan gwanjo. Sai dai dokin kyauta ce: abin da take ci shi zai ƙarar da aljihunka.

Kowane kaset ƙafa 50 ne na fim. In kana ɗaukar hoto 18 a daƙiƙa, minti 3 da daƙiƙa 20 ke nan, shi ke nan an tashi. Saboda haka jarumin da ya saba da "a sake, ban shirya ba", ka tura shi gida ya haddace tukuna. Bayan ɗauka ga kuɗin wanki, ga na juya shi zuwa kwamfuta.

Sauti kuwa, naɗi naka daban, nesa da kyamarar, don ita ma surutu gare ta.

Kafin ka biya kuɗin kyamarar, buɗe gidan batir. In ka ga ya yi kore, ka gaishe da mai kaya ka wuce.