Hular Yatsa da Halin Masu Ɗinki

Duk wanda ya taɓa zama a zauren masu ɗinkin babbar riga a birnin Zariya, ko a inuwar da samari ke taruwa suna ɗinkin hula, ya san allura baki biyu gare ta. Tsinin yana shiga yadi, gindin kuma yana shiga mutum. Aska takwas guda tana iya cin watanni, kuma kowane ɗinki sai an tura allura ta huda shadda mai tauri. Shi ya sa aka ƙera 'yar hular nan ta ƙarfe da ake kifa wa yatsan tsakiya. Ƙananan ramukan jikinta ne ke riƙe gindin allura kada ya zame, ƙarfen kuma ya sha wuyar da nama zai sha. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma a kanta za ka ga halin mutane kala-kala.

Na gaba-gaba shi ne gwanin kanta. Wannan ya daɗe a sana'a, kan yatsansa ya yi tauri har yana ƙwanƙwasa shi a jikin benci don almajiransa su ji ƙara. Ka miƙa masa hular yatsa, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Yaro, kantar nan ta girme ka." Haka zai yi ta cika baki har hunturu ya shigo, fata ta bushe, kanta ta tsage. Ran nan gindin allura zai sami tsagar ya nutse. Ba zai yi ihu ba, girma ya hana. Sai dai ka ji "Subhanallahi" ƙasa-ƙasa, ka ga yatsa a baki, ɗaya hannun kuma yana naɗe farar shadda da sauri kada mai riga ya hango ɗigon jini. In ya sami sa'ida, laifin na allurar zamani ne, wai ba a ƙera ta kamar ta da. Ya manta komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Sai mai ɗaga yatsa. Ita kam ta ji shawara, ta saya, ta sa. Matsalar kawai ita ce yatsan da ke sanye da hular ya yi ritaya. Yana can sama a miƙe yana ƙyalli, na kusa da shi kuma, wanda ba shi da kariyar komai, shi ke tura allura yana shan suka. Da yamma za ta ce wa maƙwabciya, "Wallahi Yaya, abin nan ƙarya ne, ina sanye da shi aka soke ni." Wannan na fi tausaya mata, don kusan kowa ta nan ya bi. Yatsa ba ya son baƙo. Maganin shi ne a bar hular a hannu ana shara, ana tsintar shinkafa, ana hira, har yatsan ya manta da ita, sannan a koma kan allura.

Akwai magajin kaka, wanda ya tsinci tasa a tsohon gwangwanin maɓallai na gidansu. Ta yi masa yawa, sai ya cusa tsumma a ciki. Duk ɗinki uku ta faɗi ta gangara ƙarƙashin gado, rabin yininsa a rarrafe yake ƙarewa. Ƙaninsa a hali shi ne wanda ya sayi ƙarama don ita kaɗai ta rage a shago, ya tura ta da ƙarfi, kan yatsa ya yi baƙi yana zugi, shi kuma yana cewa haka sabuwa take. Ba haka take ba. Gwajin ba shi da wuya: ka sa ta, ka saki hannu ƙasa, ka girgiza. In ta faɗi ta yi yawa, in kuma ka ji jijiya tana bugawa ta yi kaɗan. Yatsa ma yana kumbura da zafin bazara ya motse da sanyi, don haka wadda ta zauna daram a watan Afirilu tana iya yin lako-lako a Janairu. Mai farce dogo ya nemi mai buɗaɗɗen kai, irin ta teloli masu ɗinkin kwat, waɗanda da gefen yatsa suke turawa.

Mai dabara kuwa bai taɓa sayen komai ba, kuma ba ya da niyya. Yau filasta, gobe salatif, jibi murfin biro da ya yanke da reza. Wani da ƙasan tabarma yake danna allura, ya kama tsinin da haƙori ya ja, kuma shi ne zai fi kowa mamaki ran da haƙori ya ɓantare. A cikin zuriyar nan mutum ɗaya na cire wa hula: wanda ya je wurin baduku aka yanko masa guntun fata aka ɗinke daidai yatsansa. Fata tana lanƙwasa, ba ta tara gumi kamar ƙarfe, kuma mutum yana jin allurar a ƙarƙashinta. Aibinta ɗaya, tana cinyewa a hankali ba sallama, sai ranar da allura ta leƙo ciki.

Hajiya mai ajiya fa? Tata ta azurfa ce, tsarabar tafiya, tana zaune a kabet tsakanin kofunan da ba a shan shayi da su. Ba ta taɓa ganin zare ba. Gara ma haka, don azurfa laushi gare ta, allurar ƙarfe tana huda ta. Wannan matsalar ce ta sa wani maƙerin Ingila, Charles Horner, ya fito da samfurin da ya kira Dorcas a 1884, inda ya ɓoye baƙin ƙarfe tsakanin azurfa ciki da waje. Kada Hajiya ta ji ita kaɗai ce: a garin Creglingen na Jamus akwai gidan tarihi sukutum na hulunan yatsa kawai, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo.

Kada a manta da mai aro. "Inna ta ce a ba ta na minti biyu." An yi Sallah ƙarama, an yi babba, minti biyun ba su cika ba.

Gwanin gaske ba ya cikin masu surutu. Tasa ta tagulla ce, ta dushe, ramukan gefe ɗaya sun kusa shafewa saboda aiki, kuma da zarar sun shafe zai sake wata, don hular da ta yi sumul allura zamewa take yi a kanta ta faɗa nama. Yakan tashi daga ɗinki ya tafi alwala, sai ya ji ƙarfe ya bugi buta sannan ya tuna tana hannunsa. Ka tambaye shi wace iri ce ta fi, ba zai ambaci azurfa ko tagulla ba, cewa zai yi, "Kawo hannunka in gani."

Saboda haka in za ka saya, kada ka aiki yaro. Ka tafi kasuwa da yatsanka, ka gwada uku ko huɗu a gaban mai shago, ko da zai ɓata rai.