Gyaran Abin Gyara

FileBot manhaja ce mai sauya sunayen fayilolin shirye-shiryen talabijin zuwa tsari irin S01E02, wato zango na 1 kashi na 2, wanda Plex da Kodi ke ganewa. Sai dai da yake an rubuta ta da Java, harshen da ke buƙatar nasa injin a cikin kwamfuta, a da mai girka ta kan tarar injin ya tsufa, ko kuwa na bit 32 ne alhali ita ta bit 64 ce. Da haka mutumin da ƙyuya ta hana shi gyara 'yan sunaye da hannu yakan kwana yana gyaran abin gyaran, bai kalli ko kashi ɗaya ba.