Daga Alhaji Ni-Kaɗai Zuwa Baba Ba-Komai: Shugabannin Manoman Funtua da Malumfashi

Ƙasar Funtua da Malumfashi ta yi suna wajen masara da auduga da waken suya, amma akwai wani amfanin da take fitarwa jingim wanda ba a sa shi a lissafi, wato shugabanni. Ka bi ta Bakori, ka ratsa Danja, ka faɗa Kafur, da wuya ka sami ƙauyen da ba shi da ƙungiyar manoma biyu ko uku, kowacce da ciyaman da mataimaki da sakatare da ma'aji, har da jami'in hulɗa da jama'a, ko da kuwa duk 'yan ƙungiyar a sahu ɗaya suke sallar asuba. Abin yana da asali. Shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda Bankin Duniya ya sa wa kuɗi, ya fara aiki a 1975, shekara 12 kafin a ƙirƙiri jihar Katsina, ya kuma yawaita takin zamani da ingantaccen iri da malaman gona a yankin. Shirye-shiryen da suka biyo baya, irin su Fadama da bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, suka zo da sharaɗin a haɗa ƙungiya kafin a ga ko buhu ɗaya. Aka haɗa. Abin da ba a haɗa da shi ba shi ne koya wa wanda aka ɗora yadda ake riƙe mutane. Hujjata ita ce, yawancin abin da muke kira mugun hali a shugabannin nan ƙaramar sana'a ce da ba a taɓa koya musu ba, kuma noma ya fi kowane aiki saurin tona asirin wanda bai iya ta ba, don damina ba ta ɗaga wa kowa ƙafa.

Na farko a sahu shi ne Alhaji Ni-Kaɗai. Mabuɗin sito yana aljihun dama, hatimin ƙungiya yana na hagu, takardun banki suna ƙarƙashin matashin kai. Kada a ɗauke shi ɓarawo. Sau da yawa ma shi ya fi kowa riƙon amana a garin, kuma amanar tasa ce ta zama wa jama'a jidali, domin ya yi imani cewa duk abin da bai bi ta hannunsa ba ya lalace tun kafin a fara. Masara kuwa tana son takinta na biyu, wato yuriya, wajen mako 4 zuwa 6 bayan shuka, kuma tana son sa da laima a ƙasa. A daidai wannan makon ne za a yi wa Alhaji rasuwa a Gusau. Ya tafi ta'aziyya da mabuɗi, a yi ruwa mai kyau, 'yan ƙungiya su taru a ƙofar sito suna kallon kwaɗo, taki yana ciki, laima tana tafiya. Idan ya dawo ya tarar da fuskoki a murtuke, ba ya ganin laifinsa, sai ma ya sami shaida: "Kun gani ko? Kwana uku kacal na yi, komai ya tsaya cik. In na mutu fa?" Tambayar tana da kyau, sai dai shi ya kamata a yi wa ita. Abin da ya rasa bai wuce ya ɗauki mutum biyu, ya ba ɗaya mabuɗi, ya ba ɗaya littafin shiga da fita, ya gaya musu iyakar abin da za su yanke ba tare da shi ba, sannan ya daure ya bar su su yi.

Kishiyarsa shi ne Malam Sai-Mun-Zauna, wanda bai taɓa yanke komai shi kaɗai ba, bai kuma taɓa bari a yanke tare ba. A zo masa da maganar hayar tarakta, ya ce sai mun zauna. A zauna bayan la'asar, a buɗe da addu'a, a gabatar da manyan baƙi waɗanda kowa ya san su tun suna yara, a karanta abin da aka tattauna a zaman baya wanda shi ma ba a yanke komai a cikinsa ba, wani dattijo ya ɗauko tarihin farashin auduga a fuloti tun zamanin Turawa, sai a kira magariba. A kafa kwamiti. Kwamitin zaɓen iri yakan kawo rahotonsa ana ɓarar masara. Malam yana kare kansa da cewa shawara abu ce da addini ya yaba, kuma gaskiya ne, sai dai shawarar da aka yaba tana da ƙarshe. Tasa wurin ɓuya ce: muddin ba a yanke ba, babu wanda zai ce shi ya yi kuskure. Da an koya masa kada a tashi daga tabarma sai an ambaci abu uku, me za a yi, wa zai yi, wace rana, da rabin zamansa ya zama aiki.

Wanda ya fi su farin jini, ya kuma fi su tsada, shi ne Baba Ba-Komai. Mutum ne mai kunya da kara, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma kalmar "a'a" ba ta taɓa kwana a bakinsa ba. An raba taki da iri bashi, a biya da kaka. Kaka ta zo, surukinsa ya zo ya durƙusa: "Baba, bana dai ka ga yadda aka yi, ga kuma bikin yarinyar nan." Baba ya sunkuyar da kai ya ce ba komai, Allah Ya hore. Kafin a yi isha'i labari ya zaga gari. Wanda ya riga ya ɗora buhunansa a amalanke zai kawo biya ya sauke su, don ba shi ne wawan garin ba. Bashin rukuni kuwa ba ya sanin suruki. Idan masu ba da shi suka zo, sunan ƙungiya ne ke lalacewa gaba ɗaya, wanda ya biya da wanda bai biya ba duk a hana su na baɗi. Baba ya yi wa mutum ɗaya alheri da dukiyar mutum talatin, kuma har gobe ana cewa mutumin kirki ne. Ba na cewa ya daina kunya, don shugaban da ba shi da kunya a ƙauye ba zai kai kaka a kujerarsa ba. Maganinsa yana hannun matan gidansa. Uwar adashi tana zaune da 'yan'uwa da maƙwabta da kishiyoyi, amma zubi ba ya tsayawa, saboda tun ranar farko an faɗi ranar zubi, an faɗi jerin kwasa, kowa ya ji. Ranar da wata ta zo da uzuri, ba uwar adashi ce ke hana ta ba, ƙa'idar da aka yi a gaban kowa ce. Baba yana bukatar ƙa'idar da za ta riƙa cewa a'a a madadinsa, a rubuta ta kafin ruwan farko, lokacin da babu wanda ya san ko shi ne za ta kama.

A manyan gonaki da wuraren gurzar auduga kuma akwai Mai-Tsawa. Shi a ganinsa tsoro ne ke sa ɗan ƙwadago aiki, kuma lalle idan yana tsaye a bakin kunya fartanya tana sauri. Abin da tsawa ke kashewa shi ne labari. Tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016 tana shigewa can cikin tsakiyar ganye, kuma feshi ya fi cin ta tana ƙarama. Wanda ke fara ganinta shi ne yaron da ke cikin gona kullum. Amma yaron ya san abin da ya sami na ƙarshe da ya kawo mummunan labari, don haka idan aka tambaye shi sai ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Haka za a yi ta lafiya lau har ganye ya koma rariya. Mai-Tsawa shi ne mutum na ƙarshe da ke sanin abin da ke faruwa a gonarsa, kuma idan ya sani, sai ya ƙara tsawa.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. Akwai Manomin Waya, yana Kaduna ko Abuja, gonarsa tana Bakori, ƙaninsa yana turo masa hotunan masara kore shar ta WhatsApp, wadda wani lokaci ta maƙwabci ce. Da kaka ya iso da buhuna daidai da hoton. Akwai Ciyaman Ranar-Rabo, wanda ba a ganin babbar rigarsa sai ranar da motar taki ta iso da mai ɗaukar hoto. Akwai Ma'aji Mai-Ajiya-a-Ka, da ke cewa shi ba ya mantuwa, kuma gaskiya ne, bai taɓa manta abin da yake bin ƙungiya ba.

Za a ce mini hali zanen dutse ne, shugabanci kuma baiwa ce, wanda Allah bai ba ba babu mai koya masa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin ba kowa ne zai zama Sarkin Noma ba. Amma kakanninmu da suka bar mana karin maganar ba su yi aiki da ita a gona ba. A tsarin gandu, maigida yana yanka wa ɗansa gayauna, ya ba shi lokacin da zai yi aikinta. Yaron ne zai zaɓi abin da zai shuka, shi zai roƙi abokansa su taya shi, shi zai ci riba ko ya sha kunya, kuma ko ya yi asara rumbun gida bai girgiza ba. Kafin gandu ya dawo hannunsa ya riga ya ɗanɗana yanke shawara da ɗaukar sakamakonta. Haka fatake suke yi: ubangida ya ba yaronsa kuɗin buhu kaɗan ya tura shi kasuwar Dandume, in ya dawo da lissafi daidai a ƙara masa. Wani mai bincike, Paul Clough, wanda ya zauna a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya nuna yadda arzikin manyan manoma 'yan kasuwa na yankin ya ratayu a kan irin wannan alaƙa ta ubangida da yaransa. Ashe mutanen da ke cewa ba a koyon riƙon jama'a suna da makarantarsa a cikin gidajensu. Ƙungiyar zamani ce ta zo ba ta da gayauna: ana ɗauko mutum don yana da gemu ko mota ko ɗan Turanci, a damƙa masa komai rana ɗaya.

Za a kuma ce wannan duk wasa ne, domin abin da ke damun manomi ya fi ƙarfin ciyaman: tsadar taki, faɗuwar farashi da kaka, masaƙun da suka durƙushe suka bar auduga ba mai saye kamar da, ga 'yan bindiga da suka hana mutanen Faskari da Sabuwa da Dandume zuwa gonakinsu na nesa. Babu mai hankalin da zai musa, kuma babu ciyaman da zai gyara waɗannan da iya taro. Sai dai ƙuncin da kansa hujja ce a gare ni. Lokacin da taki ke da araha, in mabuɗi ya yi tafiyar kwana uku, asarar mai sauƙi ce. Yau da manomi ke sayar da akuya ya haɗa kuɗin buhu ɗaya, zuba shi a busasshiyar ƙasa bayan lokacinsa ya wuce na iya zama bambancin biyan bashi da gudun mai bashi. Abin da ke zuwa daga Abuja ba ya hannun 'yan ƙungiya, amma wanda zai riƙe mabuɗi na biyu yana hannunsu.

Masu ba da tallafi su kuma za su ce ai ana horarwa, kuma a nan ne Ɗan Bita yake fitowa. Ya je bita Katsina, ya je Zariya, ya je Kaduna. Yana da jakunkuna masu tambari da takardun shaida da suka cika bangon zaure. Ya dawo da kalmomi masu nauyi da yake jefa wa dattawa a taro, su kuwa su gyaɗa kai don ladabi. Ba ilmin ne ba shi da amfani ba. Matsalar ita ce kullum shi ake turawa, saboda akwai kuɗin zama, kuma abin da ya koyo a otal ba a taɓa gwada shi a kan mutum mai fushi da aka ce ya jira layinsa na tarakta ba. Riƙon mutane a hannu ake koyonsa, kamar riƙon garma. Da za a raba aikin ƙungiya gida-gida, a ba wani matashi jerin masu hayar tarakta na damina ɗaya, a ba wani karɓar bashin unguwa ɗaya, a ba wata lissafin kuɗin mata, sannan da kaka kowa ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya karɓa da abin da ya kawo, da cikin 'yan shekaru ƙauye ya tara mutanen da an ga kamun ludayinsu kafin a ba su babbar kujera.

Akwai dai wani iri na ƙarshe, wanda ba a cika ba da labarinsa a majalisa ba don babu abin dariya a tare da shi. Taronsa ba ya kai magariba. An san wanda ke riƙe da me. Yaro yana iya tare shi a hanya ya ce tsutsa ta shiga, ya ce masa madalla da ka faɗa da wuri. Yana zuwa ta'aziyya har Sakkwato ya yi mako, ya dawo ya tarar an zuba taki an yi huɗa. Shi ne kuma wanda ake yawan kayarwa a zaɓe na gaba, domin 'yan ƙungiya sun lura cewa ko ba ya nan aiki yana tafiya, suka tambayi juna, to shi me yake yi mana?