Mage ma sai da takardu

Duk wanda ya sha layin neman biza zai tausaya wa mai mage. Kafin magen ta shiga Tarayyar Turai daga ƙasa irin Najeriya, sai likitan dabbobi ya dasa mata 'yar na'ura mai lamba, kamar ƙwayar shinkafa, a ƙarƙashin fata, sannan a yi mata rigakafin haukan kare. Bayan kwana 30 a ɗebi jininta a kai gwaji, a sake zaman jiran wata 3. Takardar lafiyarta kuwa kwana 10 take aiki, in tafiya ta ɗage maigida ya koma layi. Ita dai hajiya tana kwance tana lashe ƙafa, ko a jikinta.

Masu hannu da shuni ma ba su tsira ba. A 2015 Amber Heard, matar Johnny Depp a lokacin, ta shigar da karnukansu biyu, Pistol da Boo, Ostareliya ba tare da ta bayyana su ba. Ministan noma Barnaby Joyce ya ce ko su fice ko a kashe su. Karnuka suka koma Amurka a jirgi na musamman, uwar ɗakinsu kuma ta amsa laifi a kotu a 2016.