Shawara ga Mai Son Ƙwarewa a Dara, Daga Bakin Wanda Ake Ci Kullum

Shekara 11 ke nan ina zaman dara a gindin wata darbejiya a Gaya, kuma in ban da ranar da abokin karawata ya tashi zuwa ɗaurin aure ya bar mini fage, ban tuna wata nasarar kirki da na yi ba. Don haka in ana neman mai ba da shawara, ni ne. Gwani bai san inda ake faɗuwa ba.

Tarihi ya ce kakanninmu Abagayawa maƙera ne, daga Gaya suka tafi gindin Dala neman tama, har Kano ta tsiro. Mu jikoki ba mu yar da gadon haƙa ba. Kullum bayan la'asar sai mu tona gurbi 30, biyar sau shida, kowa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan kara, wancan tsakuwa. Tamar ce dai har yau ba ta fito ba.

Kafin ka gyara hannu, gyara baki. In aka ci ka, kada ka kuskura ka ce an ci ka, ka ce "bar maka na yi". In aka sake, rana ce ke dukan idonka. Karo na uku, tsakuwar ce ba irin wadda ka saba da ita ba. Akwai wani da yake zuwa mana daga ƙasar Ajingi, duk sanda muka lallasa shi sai ya karkaɗe riga ya ce a garinsu babu mai iya zama gabansa. Da biki ya kai mu can, muka tarar yana ba su labarin yadda ya hana mutanen Gaya sakat.

Sai 'yan kallo. Su ne malaman dara na gaskiya, matuƙar suna tsaye. "Kai, ba nan ba!" "Matsa wancan!" Ka matsa, a cinye ka, mutumin ya ce ai ba wancan yake nufi ba. Ka ce bismilla, ga wuri zauna, nan take zai tuna an aike shi cefane. Kuɗin cefanen kuwa tun azahar suke aljihunsa suna gumi.

Akwai wani dattijo a majalisarmu da ba ya magana sai ta kama. Ran nan ya ji tausayina ya ce, "Ɗana, dara tun wajen zubi ake cin ta." Tunda ba a yarda ka jera uku lokacin zubi ba, ka ajiye biyu-biyu da ƙofa a buɗe, ka kama tsakiya, kada ka tara 'ya'yanka a gefe kamar masu jiran mota. Ɗa gurbi ɗaya yake tafiya, gaba, baya ko gefe, ba ya tsallake ba ya karkata. Uku ne ci, huɗu haɗama ce, ba a biyan ta. In ka jera, kada ka ɗauke ɗan da ya fi kusa da hannunka, ɗauke wanda ke shirin kashe ka. Babban sirrin kuma, ka shirya layi biyu maƙwabta, yadda ɗa guda in ya fita daga wannan ya cika wancan, in ya dawo ya sake ci.

Na yi godiya har da durƙuso. Washegari ina cikin zubi aka tayar da zancen masarautar Gaya, yadda aka kafa ta a 2019, aka rushe a 2024, aka dawo da ita mai daraja ta biyu a shekarar. Na ce ai wannan ma dara ce, manya ke bugawa. Kafin in gama sharhi an ɗebe mini 'ya'ya huɗu.

Dabarar hannun babbar riga, wadda ke share gurbi "bisa kuskure" in wuta ta yi wuta, ban ce ka yi ba. Amma na lura ba a cika ganin ɗan dara da ƙaramar riga ba. Wanda bai da babbar riga sai ya yi ta jan tunani har a kira magariba.

Jiya na shiga gida da tattasai babu tumatir, uwargida ta dube ni ta ce yau ma dara ta ci gida. Gobe bayan la'asar ina gindin darbejiya. Mai zuwa ya taho da tsakuwarsa, tawa akuya ta watsar.