Kunnen Bango: Kowa Na Son Zama Ungozoma, Amma a Birni

Ku matso kusa, wannan maganar ba ta lasifika ba ce. A mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babban titin Yamai zuwa Damagaram, masu shayi sun fi ofishin lafiya sanin wa ya tafi karatu da wa ya dawo. Su suka tsegunta mana cewa wani sabon zazzaɓi ya kama malaman asibiti mata daga Ƙonni har Malbaza da Illela: kowacce ta haɗa dosiye, wato takardun neman karatu, tana son ta bar allura da wankin miki ta koma ɗakin haihuwa.

Ka tambaye su a fili, amsa ɗaya ce: "Ina son in taimaki 'yan'uwana mata." Kuma da gaskiyarsu, aikin na nan jibge. Binciken 2012 ya ce macen Nijar kan haifi 'ya'ya 7.6, na 2021 ya ce 6.2. Tun 2005 da 2006, zamanin Tandja Mamadou, aka mai da tiyatar haihuwa da awon ciki kyauta, sannan a Satumban 2024 hukumomin yanzu suka zabge rabin kuɗin asibitocin gwamnati. Ranar awo ko tabarmar zama ba ka samu a bakin matarniti, wato ɗakin haihuwa.

To amma abin da ake faɗa a ɗakin gadi bayan an turo ƙofa daban ne. Wata ta ce wa ƙawarta, mu kuma bango ya ba mu: "Ke Yaya, takardar sajfam, ta ungozoma, ita ce tikitin mota. Da ita ake komawa birni kusa da maigida, da ita ƙungiyoyin agaji ke kiran mutum taron bita a ba shi na mai."

Ga yadda tsanin yake, don wanda bai sani ba. Mai takardar BEPC ta ƙaramar sakandare ta yi shekara 3 ta fito ASB, wato ma'aikaciyar lafiya ta matakin farko, a tura ta ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye ko cibiyar lafiya ta CSI. Mai takardar BAC ta ƙarshen sakandare ta yi shekara 3 a makarantar lafiya ta ENSP ta Yamai, mai sunan Damouré Zika, ko ta Damagaram, ko ɗaya daga cikin makarantun kuɗi da suka yi yawa yanzu, ta fito malamar jinya ko ungozoma mai takardar gwamnati. Mai son ƙari ta nufi babbar makarantar lafiya ta ISP a Yamai. Wadda ke da lambar aiki, kwankur, wato jarrabawar shiga, take jira da izinin ma'aikata, ta tafi albashinta na shiga. 'Yar kwantaragi da 'yar sa-kai kuwa sai adashi, sai sayar da tunkiya, sai kallon fuskar miji.

Af, tunda an zo kan miji. An ce wani Alhaji mai albasa a yankin Galmi ya biya wa amaryarsa kuɗin makaranta cif da ribar kaka ɗaya. Uwargida ba ta ce uffan ba. Sai da aka kwana biyu ta aika masa ta bakin ƙanwarsa cewa rabon gida adalci ne: ko a ba ta daidai kuɗin a hannu, ko a kai ta Makka. Muna jin an soma maganar fasfo.

Wasu kuma ido suka zuba wa tsallaken iyaka. Sakkwato ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma a Najeriya malamar jinya na ƙara wata 18 ta zama ungozoma. Sai dai karatun da Ingilishi ne, sai hukumarsu ta yarda da takardarki, in kin dawo kuma sai Yamai ta yarda da tasu. Waɗanda suka ga yadda aka garƙame iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024, jikinsu ya yi sanyi.

Yanzu ga wadda ta sa muka ɗauki alƙalami. A wani CSI da ba za mu ambata ba akwai wata ASB da ta shekara da shekaru tana karɓar haihuwa ita da wata tsohuwar ungozomar gargajiya. Wanda ya gani da idonsa ya ce wani dare an kawo mace a amalanken jaki, ta haihu a gida, zani biyu sun jiƙe sharkaf. Ba wuta. Malamar ta ciji wayarta da haƙori tana haskawa, ta tura ƙwayoyin misoprostol ƙarƙashin harshen matar, hannu ɗaya na murza mara, tana ce wa uwar mijin: "Inna, riƙe mini ƙafarta, bar kukan sai an jima." Jini ya tsaya kafin mota ta iso. Irin wannan hannun ne ya sa rahoton da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2023 ya nuna Nijar ta rage mutuwar mata ta zubar jini bayan haihuwa da fiye da rabi.

To ita wannan malama, duk shekara sai ta kai dosiye, duk shekara majo, shugaban CSI ɗin, ya ce: "Malama, in kin tafi wa zai riƙe mini matarniti?" Ya sa takardar a durowa. A wannan tsakanin, 'yar wani babba da ba ta cika shekara a wurin ba ta tafi karatu, kuma ko makaho ya san ba ƙauyen za ta dawo ba. Mu dai a namu ganin majo bai yi ƙarya ba, babu mai maye gurbin. Amma ya zama ke nan ƙwarewarta ce ta ɗaure ta a turke, kamar saniyar da ta fi sauran nono. Da masu rabon gurabe za su ji tamu, da sun fara da irinta, su sa ta rattaba hannu cewa can za ta koma, tunda ita ce ma ba ta da niyyar guduwa.

Maza malaman jinya su ma suna gunaguni a gindin bedi. Magidanta da yawa ba sa yarda namiji ya karɓi haihuwar matansu, sai in an kai ga wuƙa a Ƙonni, ko Tawa, ko asibitin Galmi da ke nan tun 1950. Shi ya sa masu wayo a cikinsu suka karkata ga karatun taimakon likitan tiyata da sa barci.

Jerin sunayen bana bai fito ba tukuna. Amma majiyarmu ta rantse cewa wata Hajiya ta riga ta kama haya a Tawa, har an ga gadonta da firjinta a saman mota, alhali ko ranar kwankur ba a sa ba. Wa ya ba ta tabbaci? Mai shayin ya ce a ba shi mako guda.